Ranar da Wainar Ɓaure Ta Ƙone

Ban manta ranar ba. Ina amarya a Sakkwato, lokacin da Nasara suka fara buga littattafan hikaya.

Na kwaɓa busasshen ɓaure da garin alkama, zuma da kanumfari, na zuba a tanda, na buɗe littafina. Ƙauri ne ya dawo da ni.

Sai ga Inna, uwar mijina. Da ma ta rantse in na sake ƙona abinci, littafin zai shiga murhu.

"Ɗiyata, mi ke cikinsa da ya fi zuma?"

Na karanta mata inda saurayi ke neman masoyiyarsa.

Ta jawo kujera. "To, ya gan ta? Ci gaba, ni zan duba wuta."

Ku ma kun dace da suruka haka? Ni dai tun ranar na daina karatu ni kaɗai.