Waƙar Tura Kamyo

Mu huɗu ne, kuma babu wanda ya iya kiɗa a cikinmu. Yayana bakanike ne, garajinsa na bakin hanyar Zinder. Shekarar da damina ta ƙi, sojoji suka karɓi mulki, ya tafi cin rani Kano kamar sauran mazan Matameye. Kowa ya dawo da buhun dawa, shi ya dawo da jita mai lantarki da lasifika. Matarsa ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba.

Aiki ya yi ƙaranci, garaji ya zama wurin hira. Yayana ya jona jitar da batirin motar da wani ya kawo gyara. Wani mai walda ya yanke tanon ƙarfe ya rufa masa fatar saniya ya zama ganga, fata kuwa a shekarar nan ba ta da wuyar samu. Malamin makarantar boko, da muke ce wa mushe, wanda ya taɓa ganin ƙungiyar makaɗan zamani a Yamai, ya naɗa kansa shugaba. Ni tela ne, aka ba ni waƙa don muryata ta fi ƙarar inji.

Akwai wata tsohuwar kamyo, motar ɗaukar kaya, a garajin. Kullum da hantsi yayana yakan shiga ya sa mu tura ta, ta yi tari biyu ta mutu. Wata rana muna cikin turawa na ja baiti: direba ya ce ta kusa tashi. Sauran suka amsa: mu tura. Waƙar ke nan, sai baiti biyu da mushe ya ƙara a kan taya da hayaƙi.

Mun yi ta a wani bikin suna, wani ɗan kasuwa ya ɗauka a kaset, bayan wata guda muka ji kanmu a radiyo. Sai jama'a suka ba ta ma'anar da ba mu sani ba. A layin rabon hatsi, duk lokacin da jami'i ya ce buhuna sun kusa isowa, sai a ji wani daga baya ya ce a hankali, mu tura.

Ran nan jandarma ya zo ya ce kaftin mai riƙe da gari yana kiranmu. A hanya mushe ya tuna mana cewa shi gyaran Hausa kawai ya yi. Ni dai na yi ta tunanin wa zai ciyar da uwata. Kaftin ya bar mu tsaye, ya sa kaset ɗin har ƙarshe, sannan ya ce:

"Wannan ita ce waƙar da ƙasa take bukata. Direba a gaba, jama'a a baya suna turawa. Wa ya tsara ta?"

Mushe ya matso gaba ya ce shi ne.

Daga nan aka riƙa loda mu a bayan motar soja zuwa Tsauni, Dawce da Ɗan Barto, duk inda ake rabo. Mukan kaɗa a gaban mutanen da suka kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Su amsa da ƙarfi suna kallon kaftin, shi kuma yana kaɗa kai don jin daɗi. A Dawce wata tsohuwa ta kama rigata ta ce, ɗana, idan kun gama ku tambayar mana ko akwai dawar. Ni kuwa na san motar da muka zo a ciki mu kaɗai ta ɗauko.

Kaftin ya ce mu yi waƙa ta biyu a kan dashen itace. Mushe ya rubuta baiti goma sha biyu, har da Faransanci. Mun yi ta sau ɗaya, awaki ne kawai suka tsaya. Da ruwa ya sauka aka sauya wa kaftin wurin aiki, mai batiri ya zo ya ɗauke kayansa, mai walda ya mayar da tanon mazubin ruwa.

Har yau mata na rera ta a bakin turmi, matasa suna rantsuwa waƙar kakanni ce. Yayana yanzu Malam ake ce masa, idan aka ambaci jita sai ya ce ba a gidansa ba. Bara wani ɗalibi ya zo daga Zinder yana bincike a kan mawaƙan da suka yi wa soja tsaurin ido. Na kai shi wurin mushe, wanda ya zama Alhaji. Ya gyara zama ya ce tun ranar farko shi kaftin yake nufi da direban, sauranmu ne ba mu gane ba. Ɗalibin ya juyo ya tambaye ni ko haka ne. Lokacin an riga an ajiye mana kwanon dambu da zogale, Alhaji yana zuba mai da hannunsa. Na ce haka ne.