Tiyon da Kawu Ya Yar a Ƙasa

Kawu direban babbar mota ne har idonsa ya fara rauni. A tasha an san shi da abu guda: in ya zura tiyo a tanki, zuƙa ɗaya yake yi ya tofar, mai ya yi ta zuba a jarka. Mu 'ya'yan ƙannensa kuwa mun sha bayani har ya ishe mu. Wai muddin tiyo ya cika, ba iska a ciki, kuma bakinsa na waje yana ƙasa da saman ruwan, to wanda ke gangarowa ne ke janyo na baya. Ba ya tsayawa sai an ɗaga bakin ko tanki ya ƙafe.

Da ya ajiye tuƙi, mijin 'yarsa, mai kiwon tarwaɗa a bayan gida, ya roƙe shi ya riƙa kula masa da tankin ƙananan kifi. Kawu bai so ba. Ina shi ina aiki a ƙarƙashin suruki? Zaman banza ne ya fi ƙarfinsa, ya karɓa, ya kuma riƙe aikin kamar ransa, don kada a ce alfarma ake masa.

Wata rana ya sauya ruwa, ya cika tankin taf daga famfo. Ya kashe famfon, ya zare tiyon daga bakin famfon ya yar a ƙasa, ya tafi cin abinci. Ɗaya bakin yana can cikin tankin. Kawu fa, shi da ya koya wa kowa! Ni har yau abin yana ƙona min rai.

Ko da ya dawo, tsakar gidan ta zama taɓo, tankin ya ƙafe, kifayen suna kwance a kan simintin ƙasansa, rana ta gama da su. Yana tsaye riƙe da tiyon, sai ga surukin ya shigo. Ya leƙa tankin ya daɗe. Sannan ya durƙusa a cikin taɓon nan da wandonsa mai guga, ya ce, “Baba, sannu da aiki. Kada ka damu.”

Kawu bai sake taka gidan ba. In 'yarsa na son ganinsa, ita ke zuwa. Na taɓa ce masa ai mutumin bai yi masa komai ba. Ya kawar da kai, ya ce, “Da ma zagina ya yi.”