Kukar Inna Mai Goyo

Ina tankaɗe garin kuka a tsakar gida, a nan Dutsin-Ma, sai Yaya ya kira ni a waya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna ta cika." Na yi ta maimaita innalillahi, rariya tana hannuna ban ajiye ba. Kukar da nake tankaɗewa ita ce ta aiko mini da ita da kakar bara, a cikin wani tsohon buhun gishiri da ta wanke ta ɗinke bakinsa.

Kafin mota ta kai ni ƙauyenmu, can gaba da Kurfi, an riga an kai ta makwancinta. Na zauna cikin mata, ana shigowa ana yi mana gaisuwa. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Allah ya jiƙan uwar Mai Goyo." A nan ne kuka ya zo mini.

Mai Goyo wata kuka ce da ke yamma da gari. Babu wanda ya san shekarunta. Inna ta ce kakarta ma haka ta tarar da ita. Muna yara mukan riƙe hannuwan juna, mu da 'ya'yan maƙwabta, mu ce za mu zagaye ta, amma na farko bai taɓa kama hannun na ƙarshe ba. Jikinta ya yi ninki-ninki kamar wuyan tsohon sa. Abin da ya bambanta ta da sauran kukoki shi ne, a daidai inda rassanta suka rabu wata tsamiya ta tsiro, ta girma a can sama, saiwoyinta suka gangaro ta bayan kukar suka rungume ta har ƙasa. In ka hango su daga hanya sai ka ce mace ce ta goya ɗa ta tsaya jiran wani.

Kukar ta Inna ce, amma gonar da take ciki ba tamu ba ce. A wajenmu ana gadon itace daban, ana gadon ƙasa daban. Da aka yi rabo tun zamanin kakanni, gonar ta faɗa wa mahaifin Kawu, kukar kuma aka bar wa ƙanwarsa, wadda ta haifi Inna. Tsamiyar ba wanda ya ambace ta, don haka ta bi mai ƙasa. Sai dai mai itace a gonar wani dole ya riƙa zuwa yana amfani da abinsa. In aka daɗe ba a ga kowa ba, a hankali itacen ya zama na mai gona.

Kawu da Inna taubasai ne, ɗan wa da 'yar ƙanwa, don haka wasa ke tsakaninsu tun suna ƙanana har furfura ta rufe su. Da mun iso gonar da kwandunanmu zai miƙe daga yankan gero ya ce, "To, ga ɓarayin inuwa sun zo."

Inna ta ce, "Raggo, ka zo ka sauke ɗiyarka. Tawa ta gaji da goyo."

"Ita ta ce maki ta gaji? Ai gata aka yi mata. Da ba don ɗiyata ba wa zai dube ta, tsohuwa mai ƙaton ciki?"

"Ko sabulun raino ba ka taɓa kawowa ba."

"Ki tambayi kunun da kike sha da azumi, tsamiyar wa ke ciki?"

Haka suke yi kowace shekara, kusan da kalmomi iri ɗaya, kuma kowace shekara sai mun yi dariya kamar ba mu taɓa ji ba.

Da kaka ake yin aikin, kafin ganye ya fara zuba. Jikin kuka santsi ne da shi, ba a hawanta sai da turaku. Ana sassaƙa su da icen kirya, a kafa su ɗaya sama da ɗaya, mai hawa ya taka su. A jikin Mai Goyo akwai tabon turakun mutanen da ba mu san su ba, ɓawo ya haɗiye su, sai ɗan kumburi ya rage. Yaya ne mai hawa. Yana can sama da ɗan gatarinsa Inna tana ƙasa ta ɗaga kai, "Kai, aski na ce ka yi mata, ban ce ka yanke mata hannu ba!" Ƙananan rassa kaɗai take bari a sara. Mu kuma mu zauna mu yi ta zage ganye. A inuwa take shanya shi don kada rana ta cinye korensa. Kwandon farko gidan Kawu ake kai shi. Shi kuma in sanyi ya shigo tsamiya ta nuna, sai ya aiko mata da curi-curi.

Kafin mu tashi takan dafa jikin kukar da tafin hannu ta ce, "Sannu, tsohuwa, sai baɗi in da rai." Kawu ya ce, "Ki yi istigfari, itace kike gaisarwa." Ta ce, "Halittar Allah ce, ta girme ni, kuma ta ciyar da ni. Kai da kake mutum mi ka taɓa ba ni?"

A zaman makokin, Kawu ya zo ya zauna a zaure cikin maza. Sai ranar da zan komo ya aiko a kira ni, ya ce in raka shi gona. Yanzu da sanda yake tafiya, muka yi ta tsayawa yana hutawa. Bazara ce, kukar ba ganye, tsamiyar kuwa shar a bayanta.

Ya ce, "Ɗiyata, zan gaya maki abin da ban gaya wa uwarki ba. Yaran nan nawa sun matsa a sare tsamiyar. Sun ce inuwa na cinye gero, masu gawayi ma sun zo sun duba ta."

Na ce, "Kawu, ai taku ce."

Ya ce, "Tamu ce. Amma saiwarta ta shiga cikin kukar. In aka sare ta, wurin zai ruɓe, ruwa ya kwanta a ciki, ita ma uwar ba za ta daɗe ba. Ina raye ba mai sa mata gatari. To amma kin ga yadda nake. In suna ganinku kuna zuwa da kwando, za su ji nauyi. In ba kowa, za su ce ta wa ce."

Ya ɗaga sandarsa ya taɓa turken ƙasa, sai ya gutsure ya faɗo. Gara ta cinye shi. Ya yi ɗan murmushi ya juya gefen da Inna kan zauna, bakinsa har ya buɗe zai yi tsokana. Sai ya rufe shi, ya daɗe yana kallon ƙasa.

Na dafa jikin kukar. Da ɗumi, kamar an jima ana jingine da ita. Da muka kama hanyar gida na ce masa, "Zan zo da kaka, Kawu, in Allah ya yarda."

Yaya ba zai iya hawa ba, tun da ya faɗi a babur gwiwarsa ba ta lanƙwashewa. Ya ce in an samu turaku zai nemo mai hawa a gari, shi ya tsaya a ƙasa ya hana a yi mata ɓarna. Icen kirya kuwa ya yi wuya yanzu. Na tambaya a kasuwa, na aika har garin Makera wajen wani masassaƙi, aka ce ya daina aiki.

Sauran garin da ke buhun gishirin ina amfani da shi kaɗan-kaɗan. Gero ya fara fitar da kai, kuma har yanzu ban samu wanda zai sassaƙa mini turakun ba.