Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Magdalene 'yar Gbagyi ce, a Durumi aka haife ta tun garin bai wuce bukkoki da gonakin doya ba. Itace take sayarwa, a kafaɗa take ɗauko shi kamar sauran matan ƙabilarta. Mijinta Silas bai yi tsawon kwana ba. An binne shi a gindin wani tsohon maɗaci a bakin rafi, ba dutse ba gicciye, bishiyar ce kaɗai shaidar kabarin.

A shekarun da ake shirin ɗauko gwamnati daga Legas a dawo da ita yankinsu, mutanen wajen sun koyi abu guda: inda jan fenti ya sauka, katafila na tafe. An shafa wa gidan ƙanwarta a wajen Garki, aka ce musu kada su damu. Kafin a haƙi doya wurin ya koma fili. Tun daga nan ko ƙugin babbar mota ta ji sai ta fito ta duba inda ta nufa.

Ana cikin haka wata safiya ta tarar da baƙuwa a gindin maɗacin, ta ɗaga kai tana leƙen rassa. Malama Kubra ce sunanta, daga wata jami'a ta zo. Wani tsiro take bi, mai zama a kan reshe kamar kauci amma ba ya shan jinin bishiya, furensa ruwan ɗorawa da roɗi-roɗi irin na damisa. Okid ta kira shi. Ta ce na bakin rafin nan ya bambanta da waɗanda ta sani, ba a gama sanin danginsa ba, in kurmin ya tafi ya tafi ke nan. Ta tsinki ganye kaɗan ta adana, har ta tambayi lafiyar yara. Magdalene ta fara sakin jiki da ita.

Sai Malama ta buɗe jaka ta fito da gwangwanin jan fenti.

"'Yata, kar ki sa masa wannan abu," in ji Magdalene. "Mijina yana nan ƙasa."

"Mama, don a bar shi nake sawa. Masu aikin titi sun yarda, duk bishiyar da na zagaye ba za su taɓa ba."

Haka ta zana da'ira a jikinsa, ta zana wa wasu can sama da rafi, ta tafi.

Magdalene ta kasa cin abinci. Ta je wajen Jacob, yayan mijinta, ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, amma shi bai taɓa jin fentin da ya ceci kowa ba. Kullum ta je rafi sai ta ga jan nan kamar ido yana kiran mutane daga nesa. Ranar da ta jiyo injuna a bayan tudu, ta ɗauki gatarinta ta kankare ɓawon har sai da farin itace ya fito, ta shafe wurin da laka.

Da ma'aikata suka iso, shugabansu ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Na sama da rafi ya wuce su. A gindin maɗacin ya zagaya, bai ga komai ba, ya ɗaga wa mai katafila hannu. Ta yi magana, ta nuna laka, amma ƙarar injin ta fi ta.

Daga baya ta koma Mpape wajen 'yarta Christiana, ta ci gaba da sayar da itace har ƙarfinta ya ƙare. In hidima ta kai ta Durumi, akwai wani yanki na kwalta da ba ta takawa. Sai ta yi dogon zagaye ta bayan shaguna, ko rana ta take, don ba ta san daidai inda mijinta yake kwance ba.