Kifin Inna a Ɗakin Sanyi

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba aka gina ɗakin sanyi a bakin kasuwar kifi ta Yelwa. Ni mai gyaran firji ne, sai aka ɗauke ni in taya injiniyan da ya zo gwada shi. In akwai wuta, inji ya daskarar da ruwan wani babban tanki a jikin bututai. In an ɗauke, ƙanƙarar ta ci gaba da sanyaya ɗakin. Ga mu a bakin ruwan Kainji da ake samar da wuta da shi, amma wutar sai ta ga dama.

Rawar kai ta sa na matsa wa Inna, mahaifiyata. Duk rayuwarta bandar kifi take yi, hayaƙi ya ci mata ido. Na hana ta hura wuta, na sa ta zuba kifin kwale-kwale guda daga Warra, jarinta kaf, tun ba a gama gwaji ba. Injiniya ya ce kwana uku kada a taɓa tankin. Na ji, amma ban gaya mata ba.

Ranar Juma'a na dawo masallaci na tarar da murfin tankin a buɗe, wani abu yana huci a ciki. Inna na tsaye da adda da kwanon ƙanƙara.

"Inna, mi kunka yi?"

"Kifi bisa jikinai shika son ƙanƙara," ta ce. "Na ga kun aje ta banza."

Ta sare bututu, gas yana fita. A gaban mutane na ɗaga wa uwata murya, har yau abin yana ci mini rai. Ta ce a kwashe kifin a yi banda tun da sauran dama. Na rantse mata zan gyara.

Na ɗaure wurin da robar taya, ta ƙi. Na hau kabu-kabu na zaga Yelwa, babu mai irin gas ɗin. Injiniya ya ce sai Kaduna. Na riƙa zura hannu cikin tankin ina taɓa ƙanƙarar, tana raguwa, ina roƙon Allah kamar zan yi hauka. A kwana na biyu ƙudaje suka rufe ƙofa, kifin ya wuce banda.

Sati na zagayowa na hango Inna tsugune a bandar wata mata da ita ta koya wa sana'ar, tana hura mata wuta a kan ladan yini. Na kasa ƙarasawa in gaishe ta.