Tekun da Yaya Sule Yake So Ya Gani

Jiya bayan na dawo daga masallaci da asuba na ɗan kishingiɗa, barci ya sace ni, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Ni ba mai yawan rubutu ba ne a wannan dandalin, karatuna ma bai yi nisa ba, amma na san a cikinku akwai waɗanda Allah ya ba fahimtar irin waɗannan abubuwa. Sai dai kafin mafarkin dole in faɗi abin da ke gabansa, ko da yake ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Ina sayar da tayil da kayan banɗaki a Kaduna. Bana na ƙudurta zan fita ƙasar waje in huta. Ba sarin kaya ba, ba Umara ba, yawon buɗe ido kawai, ni kaɗai. Kullum in kasuwa ta lafa sai in ɗauko waya ina duba garuruwa masu kyau, ina ajiye hotunansu, ina auna wanne zan je.

Ina da wa, Yaya Sule, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu. Direban tirela ne, amma ya ajiye tuƙi saboda hawan jinin ido, yana zaune a Funtuwa. Ido ɗaya ya riga ya tafi. Ɗayan kuma ya ce mini kamar mutum ne yake leƙe ta cikin bututu, bututun kullum ƙara tsukewa yake yi. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran.

Zuwana na ƙarshe wurinsa, muna zaune a zaure na nuna masa hotunan. Ya kai wayar dab da idonsa, yana juya ta a hankali har ya tsaya a kan ɗaya.

"Auta, wannan ruwa ne ko bula aka zuba?"

"Teku ne, Yaya. Zanzibar ake ce wa wurin."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ka gan ni nan, rabin rayuwata ina kai kaya Ikko. Ana ce mini teku yana bayan katangar can, ban taɓa zagayawa na leƙa ba. Kullum sai in ce wani zuwan. In nan za ka, ka tafi da ni mana, in gan shi tun da sauran abin gani. Ba ni da nauyi. Ko a but ɗin mota ka saka ni."

Muka yi dariya. Na ce in sha Allahu. Allah ya yafe mini, irin wadda muke ce wa kwastoma ce in ya tambayi kayan da ba mu da niyyar kawowa.

A hanyar komawa na riƙa tuna wahalar. Riƙe masa hannu a filin jirgi, ɗiga masa magani, raka shi banɗaki, ga shi da son gaisawa da kowa da babbar murya. Na ce a raina wannan ai ba hutu ba ne. Ban iya ce masa a'a ba, sai na yi abin da ya fi a'a muni. Na cire Zanzibar daga cikin wuraren da nake dubawa, na koma neman garuruwan da ke kan tsauni, masu matakala da lunguna da gangara, inda mai raunin ido ba zai iya zuwa ba. Don in an tambaye ni in ce wurin ne bai dace da shi ba.

Matata Hadiza ta leƙa wayar wata rana ta ce, "Wai Abban Ummi, hutu za ka ko aikin hawan dutse? Kai da benen shagonku ma sai ka tsaya ka sha iska a tsakiya."

Na ce mata iskar tsauni ta fi lafiya. Ta ce, "To, Allah ya ba da lafiyar."

Tun daga nan ban koma Funtuwa ba. In Yaya ya kira, mu gaisa, in ce kwastoma na jira. Ban sake tambayarsa ya ido ba.

To ga mafarkin.

Na gan ni a filin jirgi, amma filin jirgin tashar mota ce. Jiragen suna jere a kan jar ƙasa kamar motocin haya, 'yan kamasho suna kiran garuruwa. Wannan ya ce Istanbul, wancan ya ce Maroko. Ba na ganin fuskokinsu, muryoyin kawai. Na shiga wani, na zauna gefen taga. Jirgin cike yake, amma duk wanda ke ciki ya juya mini ƙeya. Kujerar da ke kusa da ni ce kaɗai ba kowa. Daga waje ana ta cewa saura mutum ɗaya, saura mutum ɗaya. Muka yi ta jira, zafi ya ishe ni. Na leƙa na ce a bar kujerar, ni zan biya ta, mu tafi. Ba wanda ya amsa, amma na ji an rufe ƙofa.

Sai kawai na gan ni a gindin wani gari da aka gina a jikin dutse. Gidajen farare tas, ƙofofin shuɗaye, furanni suna zubowa daga kan katanga. Ya fi na hoton kyau. Ba titi ko ɗaya, sai matakala. Na fara hawa. A bakin kowace ƙofa akwai takalma a jere, manya da ƙanana, kamar gidan da ake suna. Na yi sallama a ƙofa ta farko, shiru. Na yi a ta gaba, shiru. Ina jin ƙamshin miya, ina jin ƙarar cokali a jikin kwano, amma ba wanda ya fito.

A nan na fara jin muryar. Daga bayana take, can ƙasa, kamar mai maganar yana tsaye a matakalar farko.

"Auta, me kake gani?"

Ban waiwaya ba. Na ɗauki hoton garin, na ɗaga wayar sama ta kan kafaɗata don na baya ya gani. Na ci gaba da hawa.

Sai kawai matakalar ta ƙare a bakin wani ruwa mai faɗi, ga masallatai masu ƙubba a tsallake, fitilu suna rawa a kan ruwan duk da rana ce. Jiragen ruwa suna kai da kawowa ba matuƙi, ba fasinja. A gefe akwai teburin mai shayi, irin namu na bakin titi, da bencinsa da gwangwanayen madara. Mai shayin ba ya nan, amma an zuba kofi biyu, suna tururi. Na zauna na sha nawa. Na jira mai ɗayan har ya huce. Wani farin tsuntsu ya sauka a ƙarshen bencin ya dube ni da gefen ido, ya tashi.

Na so a ɗauke ni hoto a wurin. Na tashi ina neman wanda zan miƙa wa wayar. Na hango mutane a kan wata gada, na nufe su, ina isa sai na tarar riguna ne aka shanya.

"Auta, me kake gani?"

Wannan karon na buɗe baki zan faɗa. Na san sunan komai, ruwa, ƙubba, tsuntsu, amma da na zo faɗa sai na ji ina lissafa masa kalolin tayil ɗin shagona.

Sai kawai ina cikin wani akwatin gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, yana hawa da ni kan tsauni. Ƙasa ta yi nisa. Ko'ina fari fat da ƙanƙara, kamar an baza garin rogo a rana. Wannan shi ne wurin da na fi so in je a farke, na daɗe ina kallon hotonsa. Na ce to, yau ga ni. Na manna fuskata a gilashin. A lokacin ne na lura gefe da gefen abin da nake gani ya fara duhu. Ba dare ne ya yi ba, tsakiyar tana nan da haskenta. Duhun yana matsowa ne daga dama da hagu, daga sama da ƙasa, a hankali. In ina son ganin kan tsaunin sai na juya kaina gaba ɗaya. In na sami kan sai gindin ya ɓace. Na murza ido, bai canza ba. Na laluba aljihu ina neman maganin ɗigawa, sai na tuna ai ba nawa ba ne, ban ma san sunansa ba.

Na buga gilashin na ce a sauke ni. Akwatin ya ci gaba da hawa. Na kira Hadiza, na kira yaran shago ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe na kira Yaya. A duk mafarkin, nan ne kaɗai na kira shi, kuma nan ne kaɗai muryar ba ta zo ba.

Sai kawai ƙafata ta nutse a cikin rairayi mai ɗumi. Ina jin iska mai gishiri. Da ɗan abin da ya rage mini na gani na hango tsohuwar tirelar Yaya a tsaye a kan rairayin, injin yana aiki, ba kowa a ciki. Shi kuma yana zaune a inuwarta a kan buhu, da farar rigarsa ta Juma'a da hula, takalmansa a ajiye a gefe, jakar tafiya a kan cinyarsa. Ya yi shiri sosai. Tekun yana bayansa, shi yana fuskantar tayar mota.

Ya ce, "Mun iso?"

Na ce mun iso, Yaya.

"To ina yake?"

Na kama kafaɗunsa in juya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗaga rigar kawai. Na juya shi, ni ma na juya. Sai na ga wasu mutane masu yawa a jere a bakin ruwan, sun sunkuya, suna naɗe tekun kamar yadda ake naɗe darduma in an tashi daga taro. Suna naɗewa suna tafiya da shi. Inda suka ɗauke ba komai sai busasshiyar ƙasa da sawun taya. Launin nan na bula yana ta nisa, ya koma kamar zare.

Na bi su da gudu ina cewa su dakata, mutum ɗaya ne bai gani ba, daga nesa muka zo. Ƙafafuna suna nutsewa. Wani daga cikinsu, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "An tashi."

Na dawo wurin Yaya ina haki. Yana nan yadda na bar shi, fuskarsa tana kallon inda tekun yake a da, idanunsa a buɗe, yana ɗan murmushi irin na wanda ake shirin nuna wa abu. Ban san ko ya gani kafin su naɗe ba. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Ba komai, Auta. Matsar da ni inda ake jin ƙararsa."

Na kasa kunne. Ba ƙarar komai sai injin tirela.

A nan na farka. Rana ta riga ta fito, wuyan rigata ya jiƙe. Na jima a zaune a bakin gado ina duba kusurwoyin ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ina tabbatar duk ina ganinsu. Hadiza ta shigo da shayi, na ba ta labarin a gajarce. Ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan. Ta ajiye kofin ta ce, "Ka kira shi mana."

Na ce zan kira. Jiya ta wuce, yau ma ga ta tana wucewa. Sau da yawa na nemo lambarsa in tsaya ina kallo. Ba kunyar ba shi haƙuri nake ji ba, wannan zan iya. Neman biza da kujera biyu ma ba shi ne abin ba, in dai ana so ana yi. Abin da nake tsoro shi ne in ce masa Yaya shirya mu tafi, ya yi 'yar dariyar nan tasa ya ce mini in bar shi kawai. Na san hakan yana nufin ɗayan idon ma ya tafi, kuma ni ne na zauna ina zaɓen tsaunuka har aka kai haka.

Shi ya sa na kawo muku. Wasu sun ce mafarkin bayan asuba ba a wasa da shi, wasu sun ce tunanin da mutum ya kwana da shi ne kawai. Ni ban sani ba. Don Allah wanda ya san fassara ya taimake ni, kada ya ji nauyina. Da na ga suna naɗewa, ba su gama ba, akwai ɗan shuɗi can nesa lokacin da na farka. Wannan yana nufin da sauran lokaci, in tashi in yi sauri? Ko kuwa an nuna mini abin da ya riga ya faru ne a Funtuwa, ni ne kawai ban je na gani ba?