Sanda, Hagu, Dama

Yanzu in mutum yana son waƙa, wayarsa zai latsa ya toshe kunne, ba wanda ya san abin da yake ji. A Madina ta ƙarshen shekarun casa'in ba haka ba ne. Kaset ake sawa, kaset kuwa maƙwabci ma yana ji. Benen da muke haya a Uhudu rabinsa ɗaliban jami'a ne da malamansu, abin da ke fitowa ta tagoginsu ƙira'a ce da wa'azi. Nawa kaset-kaset ɗin, waƙoƙin Turawa irin su fof da rok da na tara tun ina karatun haɗa magunguna a Ingila, suna cikin kwalin takalmi a saman durowa. Ba na taɓa su sai in aiki ya kai ni Yanbu, in sa ɗaya bayan na wuce Badar.

A shekarun nan ne Hajiya, matata, ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Baki ya dawo da wuri, ƙafa ce ta ƙi. Aka sallame mu daga asibiti da keken marasa lafiya da sanda mai ƙafa huɗu. Likitar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, wata Bamasariya, ta ce in ba ta taka ba a watannin farko, da wuya ta sake takawa. Ta koya mata tsarin: sanda a gaba, sai ƙafar hagu, sai ta dama.

Hajiya ta tsani keken nan. Shekara goma sha biyu tana shiga Masallacin Annabi da ƙafarta, ta ce ba za a tura ta ciki kamar buhun shinkafa ba. Amma tafiyar ma ta gagara. Sai ta ɗaga sanda da ƙafa lokaci guda, ta yi tangal-tangal, in tare ta. 'Yarmu ta ƙarshe, haifaffiyar nan, tana ƙirga mata da Larabci, "Wahid, itnen, talata, yalla Mama!"

"Ke rufe mini baki, ba makarantar firamare nake ba," in ji Hajiya. Bayan mako uku ta jingine sandar a bayan ƙofa, ta daina kallonta.

Wata Alhamis ina dawowa daga Yanbu, wata waƙa mai sanyin jita tana tafiya a mota, sai na lura yatsana yana buga sitiyari uku-uku: ɗaya mai nauyi, biyu marasa nauyi. Turawa suna ce wa wannan bugun wals. Na taɓa ganin tsofaffi suna rawarsa a wani zaure a Jamus, mata da miji suna juyi kamar ba su da ciwon gwiwa, na ɗauka kiɗan kakanninsu ne kawai. Ban taɓa lura cewa samarin nan masu dogon gashi da jitar lantarki su ma suna yinsa ba, alhali waƙar na san ta shekara ashirin.

Na sauko da kwalin. Kwana huɗu bayan la'asar ina bin kaset ɗaya bayan ɗaya ina buga cinya. Yawancinsu bugu huɗu ne, irin na maci. Amma jefi-jefi sai in ci karo da mai uku, kuma sau da yawa ita ce wadda kowa ya sani, wadda ake sawa in biki ya kusa tashi. Na samu tara. Biyu sun cika sauri, na bar su. Sauran na kwafe su a kaset ɗaya da rakoda mai baki biyu.

Da na kunna a falo, na rufe tagogi, na ƙure na'urar sanyi don ƙararta ta rufa mana asiri.

"Alhaji, a garin Manzo za ka sa mini kiɗa? Tsufa ne ko me?"

"Magani ne, Hajiya. Aikina ke nan."

"A wane kantin maganin ake sayar da shi?"

Ni ba malami ba ne, kuma tambayarta ta farko ta ɗan taɓa ni. Ta karkata kai tana saurare. Can sai ta ce, "Wannan ai lugude ne. Mata uku a turmi ɗaya. Ta farkon ce mai ƙarfi, biyun suna bin ta." A Kano ta girma, gidan da ba a raba tukunya. Abin da na yi kwana huɗu ina lissafi, ita ta gane shi kafin waƙa ta kai rabi.

"To ɗauko mini taɓaryar," ta ce, tana nuna bayan ƙofa da haɓa.

Ranar ta yi taku shida daga kujera zuwa bakin kicin. Sanda a kan bugu mai nauyi, ƙafafu a kan sauran biyun. Na tsaya a hagunta, tafina a ƙarƙashin gwiwar hannunta. Ta ce in daina numfashi a kunnenta kamar raƙumi.

Muka ɗora kullum bayan la'asar. Ta gindaya sharaɗi: murya ƙasa-ƙasa, kuma da an fara kiran magariba a kashe. Ba ta jin Turanci, sai ta raɗa wa waƙoƙin sunaye nata. Akwai "mai kukan jaki", akwai "wadda mijinta ya gudu". Wannan ta biyun namiji ne ma yake rerawa, amma ban gyara mata ba. Akwai ranakun da ƙafar ta ƙi sam, ta zauna ta yi kuka, kaset yana ta juyi shi kaɗai.

Wata na biyar ta ce a kai ta Harami, Masallacin Annabi, a bar keken a gida. Hankalina ya tashi, don daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofar mata akwai nisa, ga jama'a, kuma can babu kaset. Na faɗa mata haka.

"Kai dai riƙe ni," ta ce.

Da muka sauka a bakin harabar bayan sallar asuba, ta kafa sanda, na ji tana motsa baki. Subhanallah, sanda ta tafi. Alhamdulillah, hagu ta bi. Allahu akbar, dama ta cike. Bugun nan ne dai, ta sauya masa kaya. Sau biyu muka tsaya ta huta a jikin ginshiƙi. A ƙofar mata 'yarmu ta karɓe ta, na tsaya ina kallon bayansu har suka shige.

Ƙafar ba ta koma yadda take ba, sandar kuma ba ta rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta. Ni ma tawa tafiyar ta sauya. Shekara talatin ina gaba tana bin baya, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. Daga wannan shekarar ban sake shiga gabanta ba. A hagunta nake tafiya.